Hanyar Daji a Cikin Ƙirjin Ubanka

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka. Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka riga ka sauka Kano lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin da za ka koyi aikin sola. Ka gaishe mini da maigidan naka, ka ce na gode da ya karɓe ka.

Labarin gida ba ni da shi, yanzu ka baro shi. Na ba innarka takardar ta sa maka cikin jaka ne saboda bakina ya ɓata abin da nake so in faɗa. Ka san yadda muka rabu. Na ce ka je a ɗebi jininka a auna kitsen da ke ciki, kamar yadda likitata ta ce a yi maka, ka yi dariya ka ce kai da kake buga ƙwallo safe da yamma mi za a auna. Ni kuma na ce maka jaki a gaban ƙannenka. Kai ne ɗan fari, sunan babana gare ka, ko sunan naka ba na iya kamawa don kunya, amma zagi bai yi mini wuyar fitowa ba. Haka nake, ka sani. Boko ban yi ba, a jikin motoci da kwalayen magani na koyi haɗa baƙi, don haka in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Kuma tun yanzu in gaya maka, ba duk abin da zan rubuta na gane ba. Wani na gane, wani na ɗauka na gane sai ya kusa kashe ni, wani har yau yana juya mini kai.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka ciwon zuciya na masu tumbi ne, alhazan da ke zaune cikin mota mai sanyi. Ni siriri kamar sandar makiyayi, ban kai arba'in ba, kullum ina bisa mashin da jarkokin fetur tsakanin Jibiya da ƙauyukan Maraɗi. Abin ya fara ne in ina tura mashin cikin yashin gulbi. Sai in ji kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji, nauyin ya gangara hannun hagu, wani lokaci har muƙamuƙi. In na tsaya na huta sai ya sake ni. Na ce olsa ce, don kowa a tasha olsa gare shi. Mai kemis ya ba ni farin ruwan nan mai kama da alli, na bi da kanwa, na ci gaba da lodi. Na daɗe a haka. To ka ji: ciwon ƙirjin da ke zuwa in kana aiki, ya tafi in ka huta, kada ka bari mai kemis ya raɗa masa suna. Yunwa ba ta jiran sai ka ɗauki kaya kafin ta kama ka.

Ka tuna Baba Sale, yayana. Kai kana ƙarami amma ka san shi, shi ne ke ɗaga ka da hannu ɗaya. Ɗan dako ne da ba a taɓa jin ya ce wash ba. Wata safiya yana cikin lodin masara sai ya zauna ya jingina da tayar mota, gumi na zuba, ya ce zuciyarsa na tashi. Muka kawo masa fura. Muka zuba masa ruwa a kai. Wani ya ce iska ce, wani ya ce jifa ne, aka aika neman mai tofi, muna ta gardama a kansa shi kuwa yana kallonmu. Kafin mu yarda mu sa shi a mota rai ya yi halinsa. Ni kuma da na rasa inda zan kai fushina sai na kama wani ɗan dakon da suka yi cacar baki da shi, na ce shi ya jefe shi, na fasa masa baki. Har yau in mun haɗu sai ya tsallaka titi. Kakanka ma, wanda kake ɗauke da sunansa, a gonarmu ta Farfaru aka same shi kwance da fartanya a hannu, furfura ba ta gama fito masa ba, aka ce kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare, gaskiya ne. Amma in ka ga mutum ya dafe ƙirji yana gumi, kai ko waninka, a sa shi a mota a nufi asibiti, a yi addu'ar a cikin motar. Duk wanda ya tsaya yi maka bayanin aljanu a wannan lokaci ka ture shi ka wuce, na ba ka izini.

Ni dai da nauyin ya fara zuwa mini ko ina zaune, innarka ta tasa ni gaba da kuka har Katsina, daga can aka tura ni Kano. Aka kwantar da ni, aka zura wata siririyar roba ta jijiyar wuyan hannuna, aka tura wani ruwa, sai ga jijiyoyin zuciyata a jikin allo suna motsi kamar saiwar bishiya. Likitar mace ce, ba ta fi ni shekaru ba, kuma bakinta ya kusa kai nawa. Ta ce manyan jijiyoyi uku ne ke ciyar da naman zuciya. Nan na fara ruɗewa. Na ce abin da ke cike da jini dare da rana, mi ya haɗa shi da jiran a kawo masa jini? Ta tambaye ni sana'ata, na faɗa, sai ta ce in na taɓa ganin tankar mai ta tsaya a hanya don man da take sha ya ƙare alhali bayanta cike yake da fetur. Na ce sau nawa. Ta ce to haka zuciya take, kayan da take ɗauka daban, abin da take sha daban, ta nata bututun yake zuwa.

Sai ta nuna mini ɗaya daga cikin ukun. Ta toshe ɗungurungum. Kitse ne ya yi ta taruwa a jikin bangonta shekara da shekaru har ya rufe ta. Na ce to ya aka yi nake numfashi. Ta sa yatsa a kan wasu 'yan zarurruka, sirara kamar gashin masara, da suka taso daga jijiyar da ke maƙwabtaka suka zagayo suka shigar da jini ta bayan toshiyar. Ta ce kowa an halicce shi da irinsu, ƙanana ƙwarai, kwance ba sa aikin komai. In babbar jijiya tana tsukewa a hankali, jini na neman wurin wucewa, sai su riƙa buɗewa kaɗan kaɗan har su iya ɗaukar wani abu. Ta ce su suka riƙe ni.

Na ba ta labarin Sale na tambaye ta. Ta ce ba ta gan shi ba, ba za ta rantse ba, amma abin da ta saba gani shi ne mutum jijiyarsa ba ta ma tsuke sosai ba, jini na wucewa lafiya, ba ya jin komai. Rana ɗaya kitsen nan da ke jikin bango ya fashe kamar maruru, jini ya daskare a wurin, hanya ta rufe nan take. 'Yan zarurrukan ba su taɓa buɗewa ba don ba a taɓa buƙatarsu ba. Naman da ke gaba ya rasa jini ya fara mutuwa.

Na ce mata, "Tsaya, likita. Ke nan ni da jijiyata ta fi lalacewa ni na rayu, shi da tasa ke da sauran kyau shi ya mutu? Ciwon ne ya cece ni daga ciwon?"

Ta ce kusan haka, amma kada in ɗauke shi doka. Akwai wanda tasa ke tsukewa a hankali kuma zarurrukan su ƙi buɗewa, su ma likitoci ba su gama sanin dalili ba. Ta rubuta mini magunguna, na tsinka jini, na rage kitse, na hawan jini, ta ce in sha su kullum har iyakar raina. Wannan maganar ta ƙarshe ban ji ta da kyau ba, don hankalina ya riga ya tafi wani wuri.

Ga babban kuskuren, ka karanta shi a hankali, don da wayo na yi shi.

Muna cikin mota a hanyar dawowa sai na ga ai na san wannan labarin. Lokacin da aka rufe boda kana da wayo, ka gani. Farkon rufewar manyan motoci suka yi layi, albasa ta ruɓe a cikinsu, gari ya yi tsit. Sai muka fara bin burtalin shanu da hanyar jakai. Yau mashin ɗaya, gobe goma, ƙaya ta kwanta, yashi ya daddale, hanyar da da ƙyar akuya ke bi ta zama har ƙaramar mota na shiga. Muka riƙa cewa su riƙe ƙofarsu, mu mun yi tamu. Na ce wallahi abin da jikina ya yi ke nan. An rufe kwalta, jini ya bi daji. Na sauka a Jibiya ina jin kaina kamar na ci gasa. A teburin mai shayi na ba kowa labari, na ce ni ɗan boda ne har cikin ƙirji, zuciyata ma fito take yi, fasa-ƙwauri irin namu. Aka yi ta dariya, ana ƙara mini shayi.

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ci gaba da lissafi. Na tuna da aka buɗe boda, motoci suka koma kwalta, hanyoyinmu na daji damina ɗaya ta mayar da su ciyawa. Na ce to ashe maganin nan da zai sauƙaƙa wa jini bin babbar hanya shi zai sa ƙananan su mutu, ranar da aka sake rufewa in rasa duka biyun. Ka ga yadda maganar ta zauna daidai? Har yanzu in na faɗe ta sai in ji kamar gaskiya ce. Na tattara magungunan na jefa bisa rufin ɗaki. Na kuma ce tunda yawan bi ne ke faɗaɗa hanya, bari in ƙara wa zuciyar aiki. Na ƙara jarkoki. In nauyin ya taso mini a ƙirji sai in cije in ce hanya ce ake sharewa.

Mutum ɗaya ne ya tare ni, Alhaji Isuhu, tsohon direban babbar mota, wadda su ke kira kamyo, ɗan Maraɗi, wanda ke sauka a zauren maƙwabcinmu. Shi ma ciwon gare shi, kullum da ƙullin maganinsa a aljihu. Ya saurare ni har na gama, sai ya ce, "Lawali, mashin nawa ka ɗaukar kayan kamyo guda? Kun hana garin ga mutuwa, na yarda. Amma wa ya ƙoshi a shekarun nan?" Na ce masa haushi yake ji don lokacin su suna zaune mu muna aiki, na ce tsoho ya ji da tsufansa. Ya ci gaba da jan carbinsa. Mutumin da ya girmi ubana. Kai dai in babba ya yi maka tambayar da ba ka da amsarta, kada ka rufe ta da rashin kunya. Ka tafi da ita gida ka kwana da ita. Tambayar tasa daidai take, don ni da kaina na san ko a lokacin da hanyar daji ta fi kowane lokaci faɗi, in kasuwa ta ci ba ma iya kai rabin abin da ake nema.

Sauran kai shaida ne. Ranar kasuwa, rana tsaka, kai ka riƙe kaina a bayan mota kana kiran Baba, ina jin ka ba na iya amsawa. Abin da ba ka sani ba shi ne ba tsohuwar toshiyar ce ta kayar da ni ba. Wata ce daga cikin biyun da suka rage, wadda nake ganin lafiyayya. Irin na Sale ne ya same ni. Kuma daga jikinta wasu zarurrukan da nake taƙama da su suke samun jini, da ta toshe su ma suka ƙafe. Allah Ya sa an kai ni da wuri, aka yi mini allurar da ta narkar da gudan jinin. Amma wani yanki na naman zuciyar ya riga ya mutu, kuma likita ta ce wanda ya mutu ba ya dawowa. Shi ya sa ka ga ubanka da ke tura mashin cikin yashi yanzu yana hutawa tsakanin gida da masallaci.

Da na koma wurinta na yi mata bayanin boda tun daga farko. Ta saurara, ba ta yi dariya ba, na so ma ta yi. Ta ce rabin farko na misalin nawa ya yi kyau har za ta riƙa ba wasu, rabi na biyu kuwa ni na ƙirƙiro shi. Maganin ba ya rufe ƙananan jijiyoyi. Aikinsa ya hana kitsen ƙaruwa da fashewa, ya hana jini daskarewa a kansa. Na ce to mi ya sa ba ta faɗa mini haka ba tun farko. Ta ce mi ya sa ban tambaye ta ba kafin in je in tambayi teburin mai shayi. Na karɓi sabon magani na fito. Don haka in wani abu ya yi maka kama da abin da ka sani, ka ji daɗin kamar, amma kada ka ajiye magani a kanta. Ka koma wurin mai aikin ka ce ga yadda na fahimta, ina na kauce. Mu mutanen Jibiya komai muka gani sai mu ce ai boda ce. Ni na kai ta har cikin jikina.

Kada ka ɗauka yanzu na warware. Ta ce in riƙa tafiya a ƙasa kullum, yana taimakon zuciya, wataƙila har da 'yan zarurrukan. Ta kuma ce kada in ɗauki kaya, kuma in na ji nauyin in tsaya. To aiki na gyara ko yana ɓatawa? A ina ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara? Ta ce jikina zai gaya mini. Jikin da ya yi shekaru yana yi mini ƙarya, wanda bai ce wa Sale komai ba. Sannan ga wanda ya fi ɗaure mini kai. Jijiyar da ta toshe gaba ɗaya ta ce a ƙyale ta tukuna, tunda ƙananan na kai abin da ya samu. Wadda ke aiki, wadda ta kayar da ni aka buɗe, ita take so a shiga a sa mata wata 'yar raga ta ƙarfe ta tokare ta. A bar matacciya a taɓa mai rai. Na karanta a waya har idona ya yi ja, ina haɗa Turancin da ƙyar, wannan ya ce a sa, wancan ya ce magani ya isa. Liman ya ce ajali ba ya gaba ba ya baya, na yarda da zuciya ɗaya. Likita ta ce abin a jininmu yake, shi ma na yarda. Yadda zan zaunar da su wuri guda ne ban iya ba, sai in yi ta jin haushin kowa, har innarka da ba ta yi mini komai ba sai miƙo ruwa da magani.

Fushin nan ma ka guje shi. Ban san ko yana toshe jijiya ba, amma na san duk ranar da na yi shi sai na ji ƙirjina ya amsa. Taba kuma na ji warinta a rigarka, kada ka ce ta abokai ce, da wannan ƙaryar na fara ni ma. Ita kam likita ba ta yi mini kwana-kwana a kanta ba, ta ce tana cin bangon jijiya. In ka ga dama ka ci gaba, amma ka san mi kake saya.

Yanzu maganar da ta sa na ce maka jaki. Likita ta ce maza uku a gida ɗaya, uba da 'ya'yansa biyu, duk kafin tsufa, ba ta ɗaukarsa haɗuwar tsautsayi. Akwai gidajen da ake gadon yawan kitse a jini, ko mutum siriri ne, ko yana gudu kamar barewa, kuma tun yana saurayi yake fara taruwa ba tare da ya ji ko ƙaiƙayi ba. In an gano da wuri akwai maganin da ke rage masa gudu sosai. Mai yiwuwa ba ka gada ba, ta ce ba kowane ɗa ke ɗauka ba. Allura ɗaya ce a hannu a sani. Kai kuma hujjarka ita ce ba ka jin komai. Abba, ni da nake jin ciwo ina nan ina rubutu. Wanda ba ya jin komai shi muka ba fura a gindin taya. In na ga ka dawo daga ƙwallo kana dariya, ƙirji a buɗe, kafaɗun Sale nake gani, sai tsoro ya kama ni, ni kuma tsorona da zagi yake fita.

An ba ni lokaci bayan Babbar Sallah in zo Kano a sa ragar. Ban ce eh ba ban ce a'a ba. Tsoro nake ji, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kai. Amma ga abin da na yanke. Zan zo. Zan kira ka daga tasha, ka same ni a ƙofar asibiti. Kai za a fara ɗibar jininka ina tsaye ina kallo, sannan ni in kwanta su yi abin da za su yi. In na zo ban gan ka ba, ko ka aiko mini da uzurin aiki, motar da ta kawo ni ita za ta mayar da ni Jibiya da jijiyata yadda take. Na gaya wa innarka, ta ce wannan hauka ne, ta ce na cika takarda da faɗan kada a yi wasa da magani sannan na ɗora raina a kan taurin kan yaro. Gaskiyarta. Na duba ban ga inda ta yi kuskure ba. Amma wata dabarar ba ni da ita, kuma ka san ban taɓa cewa zan yi abu na fasa ba, ko mai kyau ko marar kyau.

Allah Ya tsare mini kai a garin mutane, Ya tsare ka bisa rufin da za ka hau da wayar wutar da za ka taɓa. Ya ba ka haƙurin da bai ba ni ba. Ya sa in an auna a ce ba ka ɗauko komai daga gare ni ba sai suna. Ka riƙe salla, ka kira innarka ko ba ka kira ni ba. Na ce maka jaki, ka yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Lawali
Jibiya